Fontainebleau ko Rocklands: ina za ka fara shimfiɗa katifarka?

Duk wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana hawan bangon katako a zauren motsa jiki, inda aka ɗaɗɗaura mariƙai na roba masu launi-launi, akwai ranar da zuciyarsa za ta fara kwaɗayin dutse na gaskiya. Wasan da nake nufi shi ne boldarin, wato hawan kwantattun duwatsu waɗanda tsayinsu bai cika wuce mita 3 zuwa 5 ba, babu igiya, babu ƙugiya. Kayan aikinka takalmi ne mai tafin roba wanda ke matse ƙafa, da jakar garin alli don shanye gumin hannu, da katifa mai kauri da za ka faɗo a kai, sai abokin da zai tsaya bayanka hannuwa a sama don kada ƙeyarka ta riga ƙafarka isa ƙasa. Kowace hanya a jikin dutse "matsala" masu hawa ke ce mata, saboda sai ka zauna ka warware ta da kai kafin jiki ya bi.

Ka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar inda ya kamata mutum ya je, sunaye biyu ba sa ɓacewa a bakinsu: dajin Fontainebleau a Faransa, wanda 'yan gida ke taƙaitawa su ce Bulo, da Rocklands a tsaunukan Cederberg na Afirka ta Kudu. Duka biyun dutsen yashi ne, duka biyun ma'aunin wahala ɗaya suke aiki da shi, kuma da wuya wanda ya je ɗayansu ya dawo yana kukan kuɗinsa. Amma tafiyar ta sha bamban ƙwarai. Abin da zai fara yanke maka hukunci shi ne watan da ka samu hutu da yawan kwanakin da ke hannunka, kyan hotunan da ka gani a intanet daga baya yake zuwa.

Dalili kuwa shi ne dutsen yashi yana da halinsa. In akwai zafi, hannu na gumi, robar takalmi ta yi laushi, mariƙin da ka rataya a kansa jiya da sassafe yau da azahar ya koma kamar an shafa masa mai. In iska ta yi sanyi kuma ta bushe, kamar tsakanin digiri 5 da 15, sai ka ji fata tana mannewa da dutse, abin da ya gagare ka ya zo da sauƙi ba tare da ka ƙara ƙarfi ko kaɗan ba. Ruwa kuma ya fi zafi ɓarna. Wannan dutse ƙwayoyin yashi ne da suka haɗu suka daskare, yana tsotsar ruwa, kuma jiƙaƙƙensa ba shi da ƙarfin busasshe. Ka ja mariƙi bayan ruwan sama ya ɓalle a hannunka, to ya tafi ke nan, matsalar da mutane suka shekara hamsin suna hawa ta lalace saboda gaggawar mutum ɗaya. Saman dutse na iya bushewa alhali cikinsa jiƙe yake. In ka ga yashin da ke gindinsa da danshi, ko ka ɗora tafin hannu ka ji laima, ka naɗe katifa ka haƙura.

A Bulo lokutan da suka fi daɗi biyu ne: daga Maris zuwa Mayu, sannan daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba. Ni na fi son Oktoba, lokacin da ganye ke juyewa ja da rawaya, safiya da sanyi, rana kuma ba ta cizo. Hunturu, wato Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da dutse ya fi kama hannu, kuma gwanayen wurin a lokacin suke neman matsalolinsu mafiya wuya. Sai dai su gidansu ne, in ruwa ya sauko su koma aiki su dawo mako mai zuwa. Kai da ka sayi tikiti ka keta ƙasashe, kana iya kwana biyar kana kallon hazo da yayyafi ta taga. Yinin ma gajere ne, a Disamba wajen ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi, ga ranakun farauta da ake yi a wasu sassan dajin a wannan lokaci, dole ka riƙa duba allunan sanarwa a bakin hanya. Yuni zuwa Agusta haske na kaiwa kusan ƙarfe 10 na dare, dutse na bushewa da wuri, amma zafi na cinye kamun hannu, kaska kuma na yawa cikin ciyayi, don haka duk dare sai ka dudduba jikinka. Ga mai yara ko mai hawan matsaloli masu sauƙi lokacin zafi bai ɓaci ba, a fita da sassafe a dawo da yamma a bi inuwa. Hutun Ista kuwa, in kana da zaɓi, kauce masa: Jamusawa da 'yan Ingila da 'yan Holan duk nan suke kwararowa, wurin ajiye mota ma sai an yi da gaske.

Ko a Oktoban babu mai ba ka tabbacin sama. In kwana 7 gare ka, ka ƙaddara biyu na ruwa ne. Abin da ke ceton mutum shi ne sanin sassan da ke saurin bushewa, waɗanda ke kan tudu iska na ratsa su, irin su sashen da ake kira 95.2 da Apremont da filin yashin Cul de Chien. Waɗanda ke ƙarƙashin duhuwar itatuwa kan yi kwana ɗaya ko biyu suna riƙe da laima bayan sauran sun bushe.

Rocklands tana kudancin duniya, lissafinta a juye yake. Hunturunta Yuni ne da Yuli da Agusta, kuma shi ne lokacin hawa, a ƙara da ƙarshen Mayu da farkon Satumba. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafin Cederberg na haura digiri 40, babu mai hankalin da zai rataya a dutse a lokacin. Yankin na samun ruwansa ne a hunturu, amma ruwan zuwa yake da guguwa daga teku, ya yi kwana ɗaya zuwa uku ya wuce, sai sama ta washe tas, iska ta busar da komai. Dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, yakan kusa daskarar da ruwa, manyan ƙololuwan tsaunukan ma kan samu ƙanƙara. Da tsakar rana kuwa, ko a Yuli, rana na da kaifi, shi ya sa za ka ga mutane suna bin inuwa daga wannan gefen dutse zuwa wancan, wasu su jira magariba su kunna fitila. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba furanni ke rufe kwaruruka kamar an shimfiɗa darduma, musamman kwarin Biedouw da ke kusa, amma a lokacin ɗumi ya fara dawowa.

Ka ga ke nan watannin da Bulo ta fi rauni su ne Rocklands ke kan ganiyarta. Wanda hutunsa Yuli ne ko Agusta kuma yana son ya gwada iyakar ƙarfinsa, zancen ya kusa ƙarewa tun a nan. Wanda hutunsa Afrilu ne ko Oktoba, Faransa ce.

To amma akwai mai 'yancin zaɓar wata, shi kuma dole ya dubi dutsen kansa.

Bulo tsohon gida ne. Dajin na da nisan kilomita kusan 60 kudu da Faris, faɗinsa ya haura hekta 20,000, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 masu hawan tsaunuka ke zuwa nan su yi atisaye kafin su tafi tsaunukan Alps. A nan Pierre Allain da abokansa suka yi zamaninsu a shekarun 1930 da 1940, shi ne kuma ya fito da takalmi mai sumul ɗin tafin roba wanda duk takalman hawa na yau jikokinsa ne. A 1946 René Ferlet ya hau Marie-Rose a sashen Bas Cuvier, matsala ta farko da aka ba matakin 6A a ma'aunin wahala, inda lamba ke hawa da ƙaruwar wuya, harafin A zuwa C kuma ke raba kowace lamba daga 6 zuwa sama. A 1960 Michel Libert ya buɗe matakin 7A da Abattoir, a 1984 Jacky Godoffe ya kai 8A. Ma'aunin da ake rubuta waɗannan lambobi da shi sunan dajin yake ɗauke da shi, kuma da shi ake auna duwatsun Rocklands ma. Matsalolin da aka rubuta a dajin sun haura 20,000, ba wanda zai gama su a rayuwa ɗaya.

Abin da Bulo ke da shi wanda babu kamarsa a wani wuri shi ne zagaye. A 1947 Fred Bernick ya fara zana kibiyoyi da fenti a jikin duwatsu don mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tara hawa mai yawa a yini guda kamar wanda ya hau dogon tsauni. Yau akwai ɗaruruwansu. Kowane zagaye na da launinsa da lambobinsa, sau da yawa matsala 30 ko 40 ko fiye. Fari na yara ne, rawaya na mai koyo, daga nan ruwan lemo, shuɗi, ja, har baƙi na gwanaye. Amfanin wannan ga baƙo ba ya misaltuwa. Ba ka buƙatar littafi a hannu kana juya shi kana neman wane dutse ne wane, ka sami lamba 1 ka hau, ka sauko ka nemi kibiyar da ke nuna lamba 2, haka har yamma. Mutumin da bai taɓa taɓa dutse ba zai yini yana hawa, gwani kuma yana gefensa taku goma yana fama da jan lamba.

Sai dai dutsen Bulo ba ya sayen ƙarfin damtse. Yashinsa mai laushi ne, kawunan duwatsun a mulmule suke kamar bayan giwa, sau da yawa babu abin da za ka ƙanƙame, tafin hannu kawai za ka shimfiɗa ka danna. Wata safiya a Bas Cuvier na tsaya kallon wasu samari majiya ƙarfi suna ta zubowa daga wata shuɗiyar lamba. Sai ga wani dattijo mai furfura, ba katifa, guntun kafet kawai a hammatarsa da tsumma a aljihu. Ya shimfiɗa kafet ɗin ya taka, ya goge tafin takalminsa da tsumma, ya ɗan tofa yawu a tafin hannu ya murza bakin takalmin har robar ta yi ƙara. Ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan wani ɗan tudu da bai kai faɗin farce ba, ya miƙe a kansa a hankali kamar mai hawa matakala, ya shimfiɗa hannu biyu a kan dutsen ya ɗare. Da ya sauko ɗaya daga cikin samarin ya tambaye shi sirrin, sai ya nuna ƙasa ya faɗi kalma ɗaya da Faransanci, ma'anarta ƙafafu, ya ɗauki kafet ɗinsa ya wuce lamba ta gaba. Abin da dajin ke koyarwa ke nan, kuma ba ya koyar da shi a kwana ɗaya. Wanda ke hawan 6C a zaure yana iya zuwa mataki na 5 ya mayar da shi ƙasa sau goma. Wasu hakan na karya musu gwiwa, ni kuwa ina ganin shi ne babban dalilin zuwa, domin ƙafar da aka horar a nan tana yi wa mutum aiki a kowane dutse na duniya.

Goge takalmin nan kuma ba ado ba ne. Yashin da ya maƙale a tafin takalmi yana cin dutse kamar magogi, shi ya sa tsofaffin matsalolin Bas Cuvier wuraren taka ƙafarsu ke sheƙi kamar gilashi. Ka tafi da guntun kafet, ka tafi da buroshi mai laushin gashi, na waya kada ma ya shiga jakarka, kuma ka share allin da ka bari kafin ka tashi.

Rocklands yarinya ce in aka kwatanta. A shekarun 1990 ne Ba'amurke Todd Skinner da Fred Nicole ɗan Suwizalan da abokansu suka fara buɗe matsalolinta, daga nan labari ya bazu. Dutsenta ya fi tauri, launinsa ja-ja ne mai ratsin toka da baƙi, iska da ruwa sun sassaƙe shi sun bar ƙahoni da ramuka da baki-baki masu kaifi. Duwatsun manya ne, da yawa sun rankwafo sun yi rumfa, hawan kuma na tsalle ne da lilo da jan jiki da damtse. Wanda ya taso a zauren zamani zai ji kamar gida ya zo, motsin da ya saba da shi ne, sau da yawa ma yakan hau matakin da bai taɓa samu a Bulo ba. Da la'asar sakaliya, in rana ta kwanta a kan dutsen da ake kira Rhino, wanda ya miƙo ƙaho kamar karkanda, sai ka ga kamar garwashi ne aka hura, iska mai sanyi na kaɗa ciyayi, babu ƙarar komai sai numfashin mai hawa da haushin gwaggon biri can a kan tsauni. Bulo daji ne mai inuwa da natsuwa, nan kuwa sarari ne iya ganinka.

Wannan kyau yana da farashinsa. Ƙasan duwatsun Bulo a wurare da yawa yashi ne shimfiɗaɗɗe, katifa ɗaya ta ishi mutum biyu su yini. A Rocklands ƙasan sau da yawa duwatsu ne da ramuka, tsayin kuma ya fi, don haka ana buƙatar katifa uku ko huɗu da masu tarba waɗanda suka san aikinsu. Tafiya daga mota zuwa dutse ma ta fi tsawo, wasu sassan minti biyar ne, wasu rabin awa ko fiye kana hawan tudu da katifa a baya iska na tura ta kamar filafilan jirgin ruwa. Dutsen na cin fatar yatsu, kwana biyu a jere sai ka huta ɗaya ko kana so ko ba ka so. Matsaloli masu sauƙi akwai su, amma a warwatse, babu fenti, babu zagaye, sai da littafin jagora ko manhajar waya. A ganina wanda bai kai yana hawan 6A a dutse cikin kwanciyar hankali ba zai yini yana kallon abin da bai isa ya taɓa ba, ya kuma kashe kuɗi mai yawa a kan haka.

Batun isa wurin da zama a cikinsa shi ne inda tazarar ta fi fitowa. Daga tashar Gare de Lyon a Faris jirgin ƙasa na kai ka Fontainebleau-Avon cikin minti 40 ko kusa da haka, kuma akwai sassan da za ka iya isa da ƙafa ko keke daga tashar ko daga ta Bois-le-Roi. Mota ta fi, musamman in kana son yankin Trois Pignons ko dutsen Giwa da ke kusa da Larchant, amma ba dole ba ce. Ƙauyuka sun kewaye dajin, Milly-la-Forêt da Arbonne da Barbizon da Noisy-sur-École, kowanne da gidajen haya na mako, akwai filayen kafa tanti, akwai manyan kantuna, akwai wuraren hayar katifa, wasu masaukan ma da katifarsu suke ba ka ɗaki. Shiga dajin kyauta ne, hukumar gandun daji ta Faransa ce ke kula da shi, ba ƙofa ba mai karɓar tikiti. Amma kada wannan ya sa ka zaci akwai wani tanadi a gindin dutse. Filin ajiye mota ne da allon taswira, shi ke nan. Famfo da banɗaki kusan babu, ruwanka da abincinka a bayanka suke, sharar da ka yi kuma da ita za ka fita. Kunna wuta haramun ne a dajin, kwana a tanti inda ka ga dama ma haka. Sannan kada ka bar jaka ko fasfo a mota, fasa gilashi a filayen ajiye motoci tsohuwar matsala ce da kowa ya sani.

Rocklands kuwa ba mota ba tafiya. Daga Cape Town za ka bi babbar hanyar N7 arewa, wajen awa uku, ka isa garin Clanwilliam, cibiyar noman ganyen shayin rooibos, daga nan ka hau mashigin Pakhuis ka gangara bayansa. Tuƙi ta hannun hagu ake yi, ka sa wannan a lissafi in ba ka saba ba. Masauki a gonaki yake: De Pakhuys inda yawancin masu tanti ke taruwa, Alpha Excelsior, Traveller's Rest, da sansanin Kliphuis na CapeNature, hukumar da ke kula da gandun dajin lardin. Ɗakunan ba su da yawa, na Yuli da Agusta tun watanni kafin lokacin ake kama su. Cefane da man mota da injin cirar kuɗi duk sai ka koma Clanwilliam, tafiyar kusan rabin awa, don haka mutane kan yi sayayyar mako guda a ranar hutu. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Ana samun hayar katifa, amma a tsakiyar kakar hawa takan ƙare, ka kama taka tun kana gida.

Kuma a nan ba a hawa sai da takardar izini. Wani ɓangaren ƙasar na CapeNature ne, wani na manoma ne, ana sayen izinin yini ko mako ko wata, ana kuma iya tare ka a tambaye ka. Ina roƙon duk mai zuwa ya ɗauki wannan da muhimmanci. Gonar mutum ce ya buɗe maka, kuma an taɓa rufe wani sashe ɗungurungum saboda sharar da baƙi suka bari da bahayar da suka yi a gindin duwatsu. A jikin wasu duwatsun akwai zanen dubban shekaru na mutanen San, mafarautan da suka fara zama a yankin, dutsen da ke da zane ba a hawansa, ba a taɓa shi da alli. In ka samu ranar hutu ka bi hanyar zane ta Sevilla, 'yar tafiyar kilomita kaɗan ce, za ka ga su da kyau.

Akwai abin da mutane ba sa son tunawa lokacin shirin tafiya, wato rauni. Abin da ya fi samun mai boldarin shi ne targaɗe ko karayar idon sawu, ƙafa ta sauka a gefen katifa ko a tsakanin katifu biyu. A Bulo asibiti na cikin garin Fontainebleau, daga yawancin sassa tafiyar mintuna ce. A Rocklands sai an fara saukar da kai daga tudu, a kai ka Clanwilliam, in abin babba ne a wuce da kai gaba. Lambar gaggawa 112 na aiki a wayar hannu a ƙasashen biyu, amma sai inda akwai layi. Ka sayi inshorar tafiya wadda ta ambaci hawan dutse a rubuce. Macizai irin su kasa da gamsheƙa akwai su a Cederberg, sanyi na rage yawonsu amma ba ya kawar da su, kada ka cusa hannu a ramin da ba ka leƙa ba. Gwaggon biri kuma ya iya buɗe jaka, abinci a rufe.

Da wa za ka tafi? Mai iyali, Bulo ba ta da abokin gasa: yara na wasa a farin yashi, ga zagayensu na fari daidai tsayinsu, wanda ba ya hawa kuma yana da fadar sarakunan Faransa a cikin gari, inda Napoleon ya yi murabus a 1814, ga Faris a kusa in ruwa ya kwana yana zuba. Mai tafiya shi kaɗai kuwa, abin mamaki, Rocklands ta fi masa. Kowa a 'yan gonakin nan yake kwana, da dare ana haɗuwa a wurin dafa abinci, kafin kwana biyu ka samu ayarin da za ku haɗa katifu. A Bulo mutane a warwatse suke cikin ƙauyuka, kana iya mako ba ka yi abokin hawa ba, ko da yake ƙasan yashi da gajerun duwatsu sun sa hawan kaɗaici ya fi sauƙi a can.

Wanda biyun ba su yi masa ba, akwai Albarracín a lardin Teruel na Sifaniya, jan dutsen yashi a cikin daji mai tsayin sama da mita 1,000, kamar awa biyu daga Valencia. Yana da rumfuna da manyan mariƙai irin na Rocklands, ga gari a kusa irin na Bulo, ruwa kuma bai kai na arewacin Faransa ba. Lokacinsa kaka ne da watannin Maris zuwa Mayu, hunturunsa na da tsanani saboda tsayi. Wuri ne mai kariya, ana rufe wasu sassansa daga Janairu zuwa Agusta saboda tsuntsaye masu sheƙa, don haka a duba kafin a tafi.

Ga yadda zan raba. In kwanakinka ba su wuce 10 ba, ko wannan ce fitarka ta farko zuwa dutse, ko kana tare da yara ko wanda bai taɓa hawa ba, ka nemi bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, ka tafi Bulo a Afrilu ko Oktoba. Ka kama ɗaki a gefen Trois Pignons, ranar farko ka ajiye zancen mataki gaba ɗaya ka bi zagayen rawaya ko na ruwan lemo daga lamba 1 har ƙarshe, a Roche aux Sabots misali, inda ƙasa ke da laushi kuma mota na kusa. Rocklands ka bar ta sai ranar da ka samu mako uku a jere tsakanin Yuni da Agusta, da lasisin tuƙi, da abokai biyu ko uku da za ku raba kuɗin mota da nauyin katifu. Ƙasa da mako biyu ba ya isa a can: yini biyu na hanya ne, guguwa ɗaya ta ci uku, fatar yatsu ta nemi nata hutun, sai ka tarar kwanakin hawanka na gaskiya ba su wuce shida ba, daidai lokacin da hannunka ya fara sanin dutsen.